Yadda Ake Bin Salsalar Kalmar Jamusanci: Misali da Zaun

Tun ranar da na ambata cewa kalmar da Bajamushe yake kiran shinge da ita, Zaun, ita ce mutumin Ingila yake kiran gari da ita, town, ita ce kuma mutumin Holan yake kiran lambu da ita, tuin, tambaya ɗaya ake ta maimaita mini: ta yaya aka sani? Wasu ɗalibai ne masu koyon Jamusanci don neman gurbin karatu, wasu kuwa sha'awa ce kawai irin ta masu sauraron sashen Hausa na DW. Wani ma cewa ya yi shaci-faɗi ne, don a kunnensa babu abin da ya haɗa "tsaun" da "tawun". Maimakon in yi ta ba kowa amsa shi kaɗai, ga hanyar gaba ɗaya, da ita wannan kalma a matsayin abin gwaji.

Ka riƙe jerin matakan yadda na jera su. Salsalar kalma kamar ta mutum ce: sai ka hau ta gidan ubanta ka kai ga kaka, sannan ka gangaro gidajen 'yan uwa. Wanda ya fara da leƙen gidajen mutane yana neman masu kama da juna, zai ƙulla zumuncin da babu shi.

Kayan aiki da abin da za su ci maka

Waya tana isa, amma kwamfuta ta fi, saboda za ka buɗe shafuka biyar ko shida a lokaci guda. Ka kuma tanadi takarda da biro, ka ja layuka biyar: harshe, siffar kalma, ma'ana, ƙarni, da inda ka gani. Kada ka raina layi na biyar. Bayan sa'a biyu ba za ka tuna wane ƙamus ya faɗi me ba.

Shafukan da za ka buƙata duk kyauta ne, kuma rubutu ne zalla, ba sa cin data kamar bidiyo. Na Jamusanci akwai duden.de, da dwds.de, da woerterbuchnetz.de na Jami'ar Trier. Na Holanci etymologiebank.nl. Na Turanci etymonline.com, da ƙamus ɗin Bosworth-Toller na Tsohon Turanci. Na Suwidin svenska.se, na Danmak ordnet.dk, na Norwe naob.no, na Aisilan malid.is.

Masu tsadar su ne littattafai. Ƙamus ɗin Kluge, wanda aka fara bugawa a 1883 kuma bugu na 25 ya fito a 2011, da na Guus Kroonen na 2013, da Yuro ake sayensu, ga kuma kuɗin aikowa. Babban ƙamus ɗin Oxford ma sai da rajistar biya. Mai farawa ba ya buƙatar ko ɗaya. Lokaci kuwa, ka ware sa'a biyu zuwa uku a kalmar farko.

Mataki na 1: Tsayar da kalmar

Ka rubuta ta a siffar da ƙamus ya san ta, tare da jinsinta da jam'inta: der Zaun, namiji, jam'i die Zäune. In a cikin rubutu ka tsince ta, wataƙila ta zo da kaya a jikinta, kamar eingezäunt ko Umzäunung. Ka sauke ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya har ka kai ga gundarin. In harɗaɗɗiya ce, ta ƙarshe ita ce uwa: Gartenzaun shinge ne na lambu, amma Zaunkönig ba shinge ba ne, wani ɗan ƙaramin tsuntsu ne da suke kira sarkin shinge. Kowane ɓangare ana binsa daban.

Hattara: harafi ɗaya yana kai ka wani gida. Zaun shinge ne, Zaum kuwa linzami. Za mu sake haɗuwa da wannan linzamin a gaba.

Hattara kuma da ɗigo biyun da ke kan wasali. Zahlen biya ne, zählen ƙirga. A waya ka danne harafin ka riƙe, zaɓi zai fito. A kwamfuta mai Windows, Alt da 0228 yana ba da ä, 0246 ö, 0252 ü, 0223 ß.

Mataki na 2: Ma'anarta a yau

Wannan ba ya daɗewa. Ka buɗe Duden, ka kwafi ma'anonin, sannan ka duba maganganun da kalmar take fitowa a ciki, don su ne suke riƙe tsohon hoto. Bajamushe yana cewa einen Streit vom Zaun brechen, wato ɓallo rigima daga jikin shinge, kamar mai zare sanda daga danga ya hau mutum babu gaira babu dalili. Ba a zare sanda daga katangar dutse, don haka shingen asali na itace ne. Akwai kuma Zaungast, baƙon shinge, mai kallon biki ta bayan danga ba a gayyace shi ba.

Mataki na 3: Koma baya, amma cikin Jamusanci kaɗai

Ka shiga dwds.de, ka rubuta kalmar, ka gangara zuwa sashen da aka rubuta Etymologie. Abin da ke wurin daga ƙamus ɗin Wolfgang Pfeifer yake, wanda ya fara fitowa a 1989. Da gani na farko zai yi maka kama da rubutun likita, saboda gajerun alamomi. Ga waɗanda ba makawa sai ka san su:

ahd. Tsohon Jamusanci, wajen shekara ta 750 zuwa 1050
mhd. Jamusancin Tsakiya, 1050 zuwa 1350
frühnhd. farkon Jamusancin zamani, 1350 zuwa 1650
mnd. tsohon harshen arewacin Jamus na tsakiyar zamani
nl. da mnl. Holanci na yau da na tsakiya
aengl. Tsohon Turanci
anord. harshen kakannin mutanen Norwe da Aisilan
got. harshen Gotawa, wata tsohuwar al'umma daga dangin Jamusawa
Jh. ƙarni, don haka 9. Jh. yana nufin ƙarni na 9

A wannan mataki ka ɗauki ahd. da mhd. kawai, ka rufe ido ga sauran. Za ka ga duka biyun zūn ne. Layin da ke kan wasalin yana nufin dogo ne, kuma Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan: tsawon wasali yana cikin abin da ya raba garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo. Ka kwafi layin kamar yadda ka gan shi. A wasu tsofaffin littattafai ƙaramar hula ake ɗora wa wasalin, zûn, ma'anar ɗaya ce.

Don ganin kalmar a cikin jimlolin mutanen da, ka je woerterbuchnetz.de ka duba Lexer, na Jamusancin Tsakiya, da babban ƙamus ɗin Grimm, wanda 'yan uwa biyu, Jacob da Wilhelm Grimm, suka fara.

Hattara: ka kashe fassarar kai-tsaye ta burauza kafin ka buɗe waɗannan shafuka. Na taɓa ɓata yini guda a kan wannan. Na'urar ta fassara kalmomin shaida tare da bayaninsu, ta hautsina gajerun alamomin, na kwafi abin da babu mai ƙamus ɗin da ya rubuta. In Jamusancinka bai kai ba, ka kwafi ma'anar da ke cikin alamar zance kaɗai ka fassara ta a wani wuri.

Hattara da ƙamus ɗin Grimm. An fara aikinsa a 1838, juzu'i na farko ya fito a 1854, ba a kammala ba sai 1961. Wilhelm ya rasu a 1859, Jacob kuma a 1863 yana kan kalmar Frucht a harafin F. Duk abin da ka karanta a harafin Z wasu ne suka rubuta shi bayan su, don haka kada ka ce "Grimm ya ce". Bayanin asali a juzu'an farko ma ya tsufa. Ka ɗauki misalansa, ka bar hukunci ga Pfeifer.

Mataki na 4: Juya sautuka, ka yi hasashen 'yan uwa

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ne amsar mutumin da ya ce shaci-faɗi ne.

Ka tuna yadda Basakkwace yake cewa tahi inda Bakano yake cewa tafi, hita a madadin fita, hura a madadin fura. Da ka ji uku, ta huɗun ba sai an gaya maka ba. Haka zamna da zauna, amre da aure, wanda wani masani Bajamushe, August Klingenheben, ya yi bayaninsa har ake kiran dokar da sunansa. Sauti ba ya canzawa a kalma ɗaya ya bar sauran. In ya tashi, da ayari yake tafiya.

Irin wannan ya faru a kudancin ƙasar Jamusawa wajen ƙarni na 6 zuwa na 8. Wasu baƙaƙe suka gusa a can, amma a Ingila da Holan da arewacin Jamus da ƙasashen Arewacin Turai suka tsaya inda suke. Jamusancin da ake koyarwa a makaranta daga ɓangaren da ya gusa ya fito. Ga jerin, Jamusanci da farko, sai Holanci, sai Turanci:

z ko ss daidai da t: zehn, tien, ten. Zunge, tong, tongue. Wasser, water, water.
pf ko f daidai da p: Apfel, appel, apple. Schiff, schip, ship.
ch daidai da k: machen, maken, make. Buch, boek, book.
t daidai da d: Tag, dag, day. Tür, deur, door.
d daidai da th na Turanci (a nan Holanci ma d ne): drei da three, Ding da thing, Bruder da brother.

To, ɗauki zūn. Mayar da z zuwa t, ka samu tūn. Ka rubuta shi a takardarka a matsayin hasashe, kafin ka duba ko'ina.

Saura wasali. Tsohon dogon ū ya zama au a Jamusanci, ui a Holanci, ou ko ow a rubutun Turanci. Haus, huis, house. Maus, muis, mouse. Braun, bruin, brown. Ka dubi na ƙarshen da kyau: in braun ya ba da bruin da brown, to Zaun dole ya ba da tuin da town. Ba kamar fuska muka bi ba, lissafi muka yi, ya fito daidai. Mutanen Suwizalan masu Jamusanci har yau Huus da Zuun suke cewa, masu karin harshen arewacin Jamus kuma Huus da Tuun.

Hattara, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa mataki na 3 ya riga wannan: au na yau gida biyu ya fito. Wani daga ū, wani daga tsohon ou. Baum, itace, a da boum ne, shi ya sa 'yan uwansa boom da beam. Traum, mafarki, ya ba da droom da dream. Linzamin nan namu Zaum a da zoum ne, 'yan uwansa toom na Holanci da team na Turanci, wanda a da yake nufin dabbobin da aka ɗaure tare su ja kaya. Wanda ya tsallake tsohuwar siffa ba shi da hanyar sanin wane au ne a hannunsa.

Hattara da kalmomin aro na baya-bayan nan. Ba kowane z ne tsohon t ba. Zucker, sukari, ta hannun Italiyanci ya shigo daga Larabci. Ziffer, lamba, ita ma daga Larabci take ta hannun Latin, daga kalmar da ta ba mu sifiri. In ka juya z ɗinsu ba za ka samu komai ba.

Mataki na 5: Shiga gidan kowane ɗan uwa

Yanzu ka koma sashen Pfeifer ka karanta abin da ka rufe wa ido. Za ka tarar da tūn ɗinka a jere, a Tsohon Turanci, a harshen arewacin Jamus, a harshen kakannin Norwe. Amma kada ka tsaya nan. Ƙamus ɗin Jamusanci kalma biyu ko uku yake ba ɗan uwa na waje, kamar gaisuwar kan hanya. Labarin kowanne a gidansa yake.

Holan. Ka nemi tuin a etymologiebank.nl, wanda ya tara ƙamusoshi da dama a shafi ɗaya, sai ka ga inda suka yarda da inda suka saɓa. Ma'anar farko a can ma shinge ce, daga baya ta koma kan filin da aka shinge. Suna da magana, iemand om de tuin leiden, zagaya da mutum ta bayan tuin, wato yaudararsa. Afirkanci na Afirka ta Kudu ya gaji tuin da ma'anar lambu.

Ingila. A Bosworth-Toller tūn wuri ne da aka killace, da gona mai gida a ciki, da ƙauye. Ma'anar gari babba daga baya ta kankama. A Sikotilan an daɗe ana kiran 'yan gidajen manoma da ke gona ɗaya toun, abin da a wurinmu bai wuce ƙauye ko tunga ba.

Arewa. A Norwe tun shi ne filin tsakar gidan gona, wanda gine-gine suka kewaye. A Aisilan tún filin ciyawa ne na kusa da gida, wanda ake yanka a ajiye wa dabbobi saboda sanyi. A Suwidin kalmar ta fi rayuwa a sunayen garuruwa.

Harshen Gotawa kuwa, wanda kusan duk abin da ya rage nasa fassarar Baibul ce ta ƙarni na 4, ba a samu kalmar a cikinsa ba. Ka rubuta "babu shaida" a layinsa. Kada ka rubuta "ba su da ita". Littafi ɗaya ba ya ɗauke da duk maganar al'umma.

Hattara da Wiktionary da manhajojin hira na ƙirƙirarriyar basira. Na farkon yana da amfani wajen nuna maka ƙofofin da za ka ƙwanƙwasa, amma kowa yana iya gyara shi. Na biyun sukan ƙago tsohuwar siffa mai kyan gani da babu ita. Duk abin da ɗayansu ya ba ka, sai ka gan shi a ƙamus ɗin harshen kafin ya shiga takardarka.

Mataki na 6: Jera ma'anonin

Ka dubi layin ma'ana daga sama zuwa ƙasa: shinge, lambu, tsakar gida, filin ciyawa, gona, ƙauye, gari. Tambayar ita ce wacce guda ce za ta iya haifar da sauran duka. Gari ba zai haifi filin ciyawa ba. Lambu ba zai haifi gari ba. Shinge ne kaɗai yake taɓa kowacce, don duk abubuwa ne da ake kewayewa. Jamusanci ya tsaya a kan shingen kansa, sauran suka tsallaka ciki, kowa ya sa wa abin da ya fi killacewa sunan.

Ka nemi wata kalma da ta bi irin wannan hanya, don ta ƙarfafa maka gwiwa. Garten na Jamusanci, lambu, da yard na Turanci, da gorod na Rashanci, gari, wanda yake cikin sunan Novgorod, su ma kan wurin da aka kewaye suke komawa. Mu ma mun san birni da ganuwarsa, garka da dangarta.

Hattara: irin wannan kamanci na tunani ne, ba na jini ba. Hannu na Hausa da Hand na Jamusanci sun yi kama a sauti da ma'ana, amma kama da wane ba ta wane. Hausa daga dangin harsunan Chadi take, Jamusanci daga dangin Indiya da Turai, kuma babu ayarin sautuka da zai bi bayan hannu da Hand. Ko cikin dangi ɗaya tarkon yana nan. Haben na Jamusanci da habere na Latin duk mallaka suke nufi, amma ba tushensu ɗaya ba, domin h na Jamusanci c yake fuskanta a Latin, kamar Horn da cornu, ƙaho. Dangin haben a Latin shi ne capere, kamawa.

Mataki na 7: Gado ce ko aro?

A nan za ka fara cin karo da kalmomi masu tauraro a gabansu, kamar *tūna-. Tauraron yana nufin babu wanda ya taɓa ganin siffar a rubuce. Masana ne suka gina ta daga 'ya'yanta, kamar yadda kai ma ka gina tūn a mataki na 4. In za ka kwafa, ka kwafa da tauraronta. Cire shi daidai yake da mayar da hasashe shaida.

Kafin gusawar kudancin Jamus an yi wata da ta fi ta tsufa, wadda ta shafi dangin Jamusanci gaba ɗaya, har da Turanci. Rasmus Rask ɗan Danmak ya lura da ita a 1818, Jacob Grimm ya tsara ta a 1822. Abin da ya shafe mu a cikinta shi ne tsohon d ya zama t. Ka haɗa da ta biyun, sai ka samu tsani mai hawa uku, d, t, z: decem na Latin, ten, zehn. Duo, two, zwei. Don haka in Zaun yana da dangi a wajen gida, da d za su fara.

Suna nan kuwa, a harsunan Keltawa, dangin harshen mutanen Ailan. A Tsohon Ailanci dún kagara ce, wurin da aka kewaye don tsaro. A tsohuwar ƙasar Gaul, yankin Faransa ta yau, dunum yana ƙarshen sunayen garuruwa da yawa. Dūn, tūn, zūn: tsanin ya cika.

Sai dai cikar tsani ba ta raba gado da aro. Ziegel, tubali, da tegel da tile sun bi doka tsaf, alhali daga tegula na Latin aka aro su. Abin da dokar ta nuna kawai shi ne an yi aron kafin sautin ya gusa. Haka ake kallon Zaun: masana da yawa suna ganin kakannin Jamusawa daga Keltawa suka aro ta tun kafin d ya zama t, wasu kuma suna ganin gado ne na tare. Ita kuma daga baya an are ta zuwa harsunan Silabawa, inda tyn na Rashanci yake nufin shingen itace.

Hattara da ƙananan kalmomin mai ƙamus. Vielleicht yana nufin wataƙila, wohl mai yiwuwa, vgl. kwatanta, Herkunft ungeklärt kuma ba a gano asali ba. "Kwatanta" ba ta nufin "daga nan ta fito". Mafi yawan ƙaryar asalin kalmomi da ke yawo a intanet daga nan take farawa: malami ya ce wataƙila, mai kwafa ya yar da wataƙilar.

Mataki na 8: Tambayi sunayen wurare

Ba kowace kalma ce take da wannan gata ba, amma in tana da shi kada ka bari. Sunan gari ba ya saurin canzawa, yakan riƙe ma'anar da bakin mutane ya saki. Duk mai zuwa gidan kallon ƙwallo yana furta tūn kowane mako bai sani ba. Aston na Aston Villa gonar gabas ce. Everton gonar gadu, wato aladen daji. Luton mazauni ne a bakin kogin Lea. Brighton gonar wani mutum ce mai suna Beorhthelm, kuma a kundin ƙidayar 1086 Bristelmestune aka rubuta ta. Babu ɗayansu da yake gari lokacin da aka raɗa masa suna. A Suwidin akwai Sigtuna da Eskilstuna. A ɓangaren Keltawa, Lyon ta Faransa Lugdunum ce a zamanin Rumawa, Kempten ta kudancin Jamus Cambodunum, Donegal ta Ailan kuma Dún na nGall, kagarar baƙi.

Hattara: ƙarshen suna na yau ba hujja ba ne. Islington, unguwar Arsenal, ton ɗinta daga dūn na Tsohon Turanci yake, tudu. Brixton kuma daga stān, dutse. Ko a nan sai ka nemi tsohon rubutun sunan.

Mataki na 9: Rubuta abin da ka samu

Ka raba shi uku: abin da aka gani a rubuce, abin da aka gina da doka, da abin da ake saɓani a kai. Na Zaun zai zo kamar haka. An ga zūn da tūn a rubuce. An gina *tūna- daga gare su. Ana saɓani kan ko aro ce daga Keltawa. Ka yi amfani da "daga" a kan layin uba da ɗa kaɗai. Town ba daga Zaun ta fito ba, Zaun ma ba daga town ba. 'Yan uwa ne, kaka ɗaya.

Gwajin gida: Gift

Ga wadda za ka gwada hannunka a kai, kuma da gangan na zaɓe ta don ba ta tafiya irin ta Zaun. A nan sautuka ba su da wahala, ma'ana da jinsi ne suke da aiki.

A mataki na 1 za ka ga das Gift, guba. A mataki na 3 za ka tarar tsohuwar gift tamata ce, ma'anarta bayarwa ko kyauta, daga geben, bayarwa, kamar yadda Schrift, rubutu, ta zauna kusa da schreiben. Tun a Tsohon Jamusanci aka fara sakaya guba da ita, abin da aka ba mutum ya sha, bisa koyi da dosis na Girkanci, wadda ita ma bayarwa take nufi kafin ta zama ma'aunin magani. Da ma'anonin biyu suka rabu, sai jinsi ya raba su, daga bisani ta kyautar ta mutu.

A mataki na 5 ka lura da abu huɗu. Holanci ya riƙe biyun, gift gudummawa, gif guba. A Suwidin da Danmak da Norwe gift guba ce, kuma ita ce kalmar mai aure, amma ba ta hanya ɗaya suka iso ba: ta auren ta gida ce, daga bayar da amarya, ta gubar kuwa daga Jamusanci aka aro ta. A Tsohon Turanci gift kuɗin da ake biya ne don a auri mace, kusa da sadakinmu, jam'inta kuma biki. Ita gift ta Turancin yau, da g ɗinta mai ƙarfi, daga bakin mutanen Arewacin Turai da suka zauna a Ingila ta samu wannan furuci.

In ka gama, ka nemi Mitgift a DWDS ka duba jinsinta. Za ka ga die, tamata, kamar yadda uwar take shekara dubu da suka wuce, kuma ma'anarta dukiyar da amarya take tafiya da ita gidan miji, irin gara da kayan ɗaki a wurinmu. In kuma wata rana za ka aika wa aboki tsaraba a Bonn ko Hamburg, Geschenk ake rubutawa a jikin kwalin.